Ba Suga a Ciki

In ka ci alkaki a gidan biki a Gwandu, ka ji ya narke maka a baki tun haƙori bai gama aikinsa ba, ba sai ka tambaya ba, hannun Kubura ne. Shekara ashirin da wani abu tana wannan aiki a tsakar gidanta: alkaki, dubulan, gireba, da kek ɗin da take gasawa a gwangwanayen madara. Ba ta taɓa mallakar na'urar gashi ba. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe gare ta, ta zuba yashi a ciki, ta jera gwangwanayen a kai, ta rufe, garwashi a ƙasa garwashi a kan murfi. 'Yan matan da suka koyi kek a waya sukan zo su yi wa tukunyar dariya, sannan su tafi da na Kubura a leda su ce su suka yi.

Mijinta Malam Sambo tela ne, kekensa na ɗinki irin na takawa yana zauren gidan. Mutum ne mai kamun kai. Ba ya cin goro, ba ya shan taba, ba ya zaman gulma a bakin titi. Rauninsa ɗaya ne, zaƙi. Da ƙamshi ya kai zaure sai ka ji ƙarar keke ta tsaya cak, can sai ga Malam ya shigo wai yana neman almakashi, almakashin kuwa ga shi nan yana leƙowa daga aljihunsa. Kubura ba ta taɓa tona masa asiri ba. Takan ciro na farko da zafinsa ta miƙa masa, ta ce ya ɗanɗana mata ko gishiri ya ji. Tun suna ango da amarya haka suke, har gashinsu ya yi fari.

Wata Laraba da hantsi tana gashin kek na wani suna, ya shigo neman almakashinsa kamar kullum, ƙafa ba takalmi. Ta ɗaga murfi, wani garwashi ya gangaro ƙasa, ba wanda ya lura. Yana tsaye yana ba ta labarin wani mai riga da ya dame shi, sai ta ji wani ƙauri da ba na kek ba. Ta duba tukunya, lafiya lau. Ta duba ƙasa.

"Malam, ɗaga ƙahwarka!"

Ya ɗaga. Garwashin na manne a ƙasan babban yatsansa na dama, ya ci fata ya shiga nama. Shi kuwa ko gezau, kallonta kawai yake yana mamakin ihun da ta yi. Bai ji komai ba. Wannan rashin jin shi ya fi ƙunar tayar wa Kubura da hankali.

Mako biyu ana shafe-shafe, ciwo bai ko yi alamar kamewa ba. 'Yarsu Rumaisa, wadda ke aure a Kalgo, ta dinga kiran waya safe da yamma har sai da suka hau mota suka je. Ta kai su asibiti. Da aka kira sunansa sai Malam ya ce su jira a waje, ba ya son mata su tsaya a kansa ana kwance masa ƙafa. Ya daɗe a ciki. Ya fito da ledar magani da wata takarda da ya ninke ya tura aljihu.

"Mi anka ce?" in ji Kubura.

"Ciwon suga na. Shi ya kashe mini jin ƙahwa." Ya dubi ƙafar da aka naɗe. "Likita ya ce in ciwon ga bai warke ba, ƙahwar na iya tahiya."

"Tahiya ina?"

"Yankewa, Kubura."

Rumaisa ta rufe baki da mayafi. Kubura ta dafa bango. Tela da ƙafar dama! Da ita yake taka keke, da ita yake zuwa masallaci sau biyar, mutumin da ko buta ba ya yarda a ɗaukar masa.

"To mi anka hana ka?"

"Suga," ya ce.

Kubura ba ta yi boko ba, amma wannan magana ba ta bukatar boko. Sunan ciwon ciwon suga, abin da aka hana suga. Ta ga abokin gaba ƙuru-ƙuru, kuma a ɗakinta yake kwana cikin buhu. Ranar da suka dawo Gwandu ta sa aka fitar da buhun zuwa gidan maƙwabta. Ta kife tukunyar gashi a bayan ɗaki. Masu biki suka yi ta sallama tana ba su haƙuri, har da waɗanda suka yi fushi suka ce ta fara girman kai. Ta ce ba za ta tayar da ƙamshi a gidan da mai gidan ba shi da halin ɗanɗanawa ba. Aka koma tuwon alkama da miyar ganye, zogale ba ƙuli mai yawa, shayi salam kamar ruwan wanke kofi.

Malam Sambo bai yi ƙorafi ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Sai ya zauna gaban kwano ya yi loma uku ya ce alhamdulillahi, ya ture. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Keke na ta ƙara a zaure daga safe har azahar ba tsayawa, don babu abin da zai tsayar da shi. Ita kuma Kubura, matar da ba a taɓa ganin hannunta ba gari ba, sai ta share tsakar gida ta sake sharewa, ta zauna a kan tabarma ta zuba hannuwa a cinya. Tausayinsa ya hana ta sakat, kuma ba ta san abin da za ta yi masa ba.

Ana cikin haka Dije ta zo. Bafulatana ce daga rugagen wajen Masama, ita ke kawo musu nono. Ranar, bayan ƙwaryar nonon, ta zo da zuma cikin galan, mijinta ya sauke amya. Ta buɗe don Kubura ta gani, baƙa-baƙa mai kauri, har da guntayen saƙa a sama. Kubura ta lakata ta kai baki, sai kakarta ta faɗo mata a rai. Tsohuwar ba ta taɓa tsoma alkaki a ruwan suga ba. A zamaninta da zuma ake yi, suga abin 'yan birni ne. Kuma wane ne bai taɓa jin malamai na faɗin cewa akwai waraka a zuma ba? Ita da kanta ta sha ba Rumaisa a cokali lokacin tari.

Ta leƙa zaure ta kira shi. Ya shigo yana ɗingishi, ƙafar naɗe da bandeji.

"Malam, tambaya gare ni. Likitan ga, suga yac ce ko zaƙi duka? Ya ambaci zuma?"

Ya dubi galan ɗin. Ya dubi fuskarta, wadda rabon da ya ga ta yi haske haka tun kafin su je Kalgo. Ya haɗiye yawu.

"Suga dai yac ce."

Ba ta jira ya ƙara ba. Kafin la'asar an wanke tukunya, an tankaɗe sabon yashi.

Alkakin bai ba ta wahala ba. Ta ɓarza alkama, ta murje ta da mai, ta kwaɓa ta bar ta ta yi tsami, washegari ta sa ɗan ruwan kanwa ta murza ta naɗe, ta soya, ta tsoma a zuma mai ɗumi da ɗan tsamiya. Kek ne ya nuna mata halinsa. Zuma ba ta da haƙurin wuta. Zubin farko ya fito baƙi ƙirin a sama, ciki kuwa ɗanye sharaf. Na biyu ya zauna a gindin gwangwani ya ƙi tashi. Ta tsaya a kan tukunyar tana yi mata faɗa kamar mai ji. Sai a na huɗu ta gano bakin zaren: ta rage madara tunda zumar da ruwanta take zuwa, ta ƙara kaurin yashi, ta kwashe rabin garwashin murfi ta bar shi ya gasu a hankali. Ya fito ja-ja-ja, yana ƙamshin da ko na suga bai taɓa yi ba.

Ƙarar keke ta tsaya a zaure. Da Malam ya kai na farko baki ya lumshe ido, Kubura ta juya baya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara, don kada ya ga hawayenta. Daɗi ne ya sa ta kuka. A ganinta ta yi wa ciwo wayo: ta bi maganar likita sau da ƙafa, ta kuma dawo wa mijinta da abin da yake so, kuma abin nan magani ne.

Daga ranar kullum akwai na Malam a cikin samira, biyu da safe, biyu bayan la'asar, wani lokaci ya ƙara na uku ta yi kamar ba ta gani ba. Ya koma cin abinci, ya koma tsokanarta. Ciwon ne dai ya ƙi. Bakinsa ya ƙara faɗi, yana ruwa, bandeji ba ya wuni. Malam ya riƙa shan ruwa kamar wanda ya dawo daga noma, buta kuma ba ta hutawa. Ta ga kiyashi sun yi layi a makewayi, ta ce zumar da ta ɗiga ce suke bi, ta wanke wurin da toka. Da ta ga yatsan ya fara duhu sai ta ƙara masa magani, wato zuma cokali biyu a ruwan ɗumi kafin karin kumallo. Ranar komawa asibiti ta zo, ya ce ɗinkin Salla ya yi masa yawa, sai bayan Salla. Ya koma taka keke da ƙafar hagu, ɗinkin na fita a karkace yana warwarewa yana sakewa.

Bayan Salla da kwana shida zazzaɓi ya kayar da shi. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri, tana wani wari da turaren wuta ya kasa rufewa. Aka ɗauko mota aka shimfiɗe shi a baya. Kubura ta haɗa kaya a gurguje, zani biyu, bargo, flas, ba ta kuma manta da samirar Malam ba.

A Kalgo aka ba shi gado nan take, aka sa masa ruwa da allurai. Kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. A na uku ya farfaɗo, ya ce bakinsa ɗaci. Rumaisa ta tafi gida ɗauko abinci. Kubura ta jawo samira daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ta ɓalli alkaki za ta kai masa baki, sai ga ma'aikaciyar jinya ta iso da abin gwajinta. Mufida sunanta, yarinya ce mai fara'a, tun zuwansu take kiran Kubura Inna.

"Inna, mi na na wannan?"

"Alkaki na, ɗiyata. Ɗauki ki ji." Kubura ta miƙa mata samirar da alfaharin mai sana'a. "Kada ki damu, ba suga ciki ko ƙwaya guda. Zuma ta zalla. Ni da hannuna ni ka yi mai."

Fara'ar Mufida ta ɗauke. "Tun yaushe shika cin wannan?"

"Wata biyu da 'yan kwanakki. Kullum. Har da ta sha da sahe."

Mufida ta ajiye abin gwajin a kan gado. Ta karɓi samirar, ta rufe, ta riƙe a ƙirji kamar mai tsoron a ƙwace. Ba ta ɗaga murya ba, kuma Kubura ta gwammace a ce ta ɗaga.

"Inna, zuma na da amhwani, ba a musu. Amma ga mai ciwon ga, in ta shiga jini ita da suga duk ɗaya na. Zuma, rake, dabino mai yawa, lemun kwalba, duk suna ɗaga shi. In kuwa ya hau, ciwo ba ya warkewa. Shi ya sa muke ta mamaki, ga magani shina sha, ga gwaji ya nuna suga ya hau haka." Ta juya wajen gadon. "Baba, ba ni na zauna da kai ba ranar da kaz zo karo na hwarko? Ban lissaho maka su ɗaya bayan ɗaya ba? Na ma rubuta maka a takarda, da Hausa."

Malam Sambo ya juya fuska wajen bango.

Kubura ba ta fahimta nan take ba. Maganar ta shiga kunnenta ta tsaya tana jira. Da ta isa inda za ta isa, sai ta zauna a ƙasa a gefen gadon. Ta dubi hannuwanta. Zubi huɗu ta yi kafin ta iya kek ɗin nan. Ta tuna yadda ta tsaya tana rage garwashi ɗaya-ɗaya, tana murna, ashe ƙwarewa take yi a kan abin da zai cinye masa ƙafa. Mufida ta fita da samirar.

Likita ya zo zagaye bayan azahar. Ya kwance bandejin, ya danna nan ya danna can, ya tambayi Malam ko yana ji, Malam ya ce a'a. Ya ce ruɓar ta wuce idon sawu, kuma ta fara shiga jini. In aka bari za ta tafi da shi gaba ɗaya. Gobe da safe za a yanke daga ƙasan gwiwa. Kubura ta ce ko a ƙara kwana uku, yanzu da aka gano abin da ke kawo shi, ta daina, wallahi ta daina, ko ƙamshi ba zai ƙara ji ba. Likitan ya saurare ta har ta gama, ya ce da wata guda da ya wuce ne da an gwada.

Likita ya tafi. Mai gadon kusa yana ta tari. Can Kubura ta ce, ba tare da ta dubi Malam ba:

"Ka sani."

"Na sani."

"Na tambaye ka, Malam. Da bakina na tambaye ka."

"Kin tambaye ni." Muryarsa ta dushe. "Na so in ce miki don ke niy yi, don na ga kin zauna kamar mai takaba ni kuwa ina raye. Akwai wannan ciki. Amma ba ni yi miki ƙarya sau biyu. Ina so na, Kubura. Na ga zumar ga raina ya biya. Nic ce guda ɗaya ba ta komi. Da kinka yi ta yi, kina murna, sai na rasa ta inda zan hwara hwaɗa miki."

Ta so ta yi masa ihu. Ta so ta kama rigarsa ta girgiza shi, dattijo da furfura ya sayar da ƙafarsa a kan alkaki, ya kuma ari hannunta ya yi cinikin. Amma ga shi kwance ya rame, leɓensa ya bushe, hawaye na gangara masa cikin kunne. Wa za ta yi wa ihun? Haushinsa da tausayinsa suka cakuɗe mata a ƙirji, ta kasa raba su. Ta jiƙa tsumma ta goge masa fuska.

Rumaisa ta dawo da la'asar ɗauke da kula. Tun a bakin ƙofa aka gaya mata hukuncin likita, an kuma gaya mata batun samira. Ta shigo ido jajur, ta dire kular a ƙasa.

"Inna, zuma? Wata biyu kina ba shi zuma? Ba a hwaɗa muku ba? Sun ce sun hwaɗa, har takarda sunka ba da!"

Kubura ta dubi mijinta. Ya rufe ido, yana shirin buɗe baki. Wannan yarinya tun tana rarrafe ba ta da gwani sai babanta. Ko a gidan mijinta, in za ta kafa hujja sai ta ce Baba ya ce. Gobe zai rasa ƙafa. Kubura ta ga ba za ta iya zama tana kallo ya rasa wannan ma a rana ɗaya ba.

"An hwaɗa," ta ce. "Babanki ya hwaɗa mini tun a mota. Ni na ɗauka zuma ba ta komi."

"Kubura," in ji Malam.

"Yi shiru, Malam, ka huta."

Rumaisa ta tsaya tana kallon uwarta, irin kallon da Kubura ba ta taɓa gani a idonta ba. Ba ta yi rashin kunya ba, ba haka aka rene ta ba. Ta dai zagaya ta ɗaya gefen gadon, ta zauna, ta riƙe hannun babanta, kuma har aka kira magariba ba ta ƙara ɗaga ido ta dubi inda Kubura take ba. Kubura ta san kafin jibi maganar ta isa Gwandu, ta shiga duk gidan da aka taɓa cin alkakinta.

Washegari da safe aka zo da gadon turawa. Malam ya sa hannu a takarda, aka cire masa hula da agogo aka miƙa wa Rumaisa. Suka bi shi har ƙofar da ba a wucewa. Ya ɗago kai yana neman Kubura, ya buɗe baki, mai turawa bai tsaya ba, ƙofar ta rufe.

Rumaisa ta koma can ƙarshen benci ta zauna. Kubura ta koma ɗakin don ta tattara kaya, an ce wani ɗakin za a kai shi in an fito. Ta ninke bargo, ta ɗauki flas da buta. Mai shara ta turo tsintsiya ƙarƙashin gado ta jawo takalman Malam, na fata, waɗanda ya saya don Salla bai samu sawa ba, ta taho da su ranar da aka kawo shi.

"Inna, ga takalmansa, kada ki manta."

Kubura ta karɓa. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin riƙe da su, ɗaya a kowane hannu, har mai sharar ta gama ta ce ta ɗan matsa za ta goge wurin.